Kwandon da ka bari a kantin intanet bai manta da kai ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasa: "Wallahi wayata tana saurarena." Hujjar da ake kawowa kusan guda ce. Mutum ya duba takalmi ko agogo a wani kantin intanet da safe, kafin la'asar takalmin nan ya biyo shi Instagram, ya biyo shi Facebook, har cikin gem ɗin da yake bugawa. Sai a ce ai makirufo ne.

A watan Afrilun 2018 Mark Zuckerberg ya musanta wannan zargi a gaban Majalisar Dattawan Amurka. Ka yarda da shi ko kar ka yarda, wannan ya rage naka. Abin da ya kamata mu gane shi ne, kantin intanet ba ya buƙatar jin muryarka, domin yatsanka ya riga ya faɗa masa abin da bakinka bai faɗa ba. Yanzu da sayayya a Jumia, Konga, AliExpress da Temu ta shiga jinin matasanmu, ga kuma ƙananan 'yan kasuwa suna ta buɗe shafukansu, lokaci ya yi da za mu san abin da ke faruwa a bayan allon wayar.

Kowane dannawa saƙo ne

A cikin shafin kanti ko manhajarsa akwai ɗan gajeren rubutun kwamfuta da ba ka gani. Aikinsa shi ne, duk lokacin da ka yi wani motsi, ya aika da saƙo zuwa wata ma'ajiya. Masu harkar suna kiran kowane irin motsi da "aukuwa". Ka buɗe shafi, aukuwa ce. Ka duba riga, aukuwa ce. Ka jefa ta a kwando, ka cire ta, ka fara biyan kuɗi, ka fasa, duk aukuwa ce, kuma kowacce da sunanta.

Manhajar da ta fi shahara wajen wannan aiki ita ce Google Analytics. Tun 1 ga Yulin 2023 Google ya daina karɓar bayanai a tsohon tsarinsa na kyauta, ya koma kan sabon da ake kira GA4, wanda gaba ɗayansa a kan aukuwa aka gina shi. A cikinsa akwai sunayen da Google ya tanadar wa masu kanti, irin su view_item idan ka duba kaya, add_to_cart idan ka saka a kwando, begin_checkout idan ka fara biya, da purchase idan ka kammala. Saƙon ba suna kaɗai yake ɗauke da shi ba. Kowace aukuwa tana iya ɗaukar ƙarin bayani har guda 25: wane kaya ne, nawa ne kuɗinsa, wane launi, an yi rangwame ko ba a yi ba. A gefe guda kuma ana sanin irin wayarka, garin da ake kyautata zaton kana ciki, lokacin da ka shigo, da kuma ta inda ka biyo, wato talla ce ta kawo ka ko bincike ka yi. Ana haɗa wannan duka da wata lamba da aka ajiye a burauzarka ko wayarka, ta yadda idan ka dawo gobe za a san kai ne na jiya.

Waɗannan sunaye da Google ya tanadar kamar kayan kanti ne, ɗinkakku, kowa ya ɗauka ya saka. Amma akwai na biyu, wanda ya fi kama da ɗinkin tela: aukuwa ta musamman, wadda mai kanti ke yanka wa kansa daidai da abin da yake son sani. Nan ne wasan yake. Mai kanti zai iya cewa a sanar da shi duk wanda ya buɗe hoton kaya ya ƙara girmansa. Ko wanda ya jera kaya daga mafi araha zuwa mafi tsada. Ko wanda ya gwada lambar rangwame ba ta yi aiki ba. Ko wanda ya ga kuɗin kai kaya ya rufe shafin nan take. Ko wanda ya zaɓi sai kaya sun iso hannunsa zai biya. Ko wanda ya duba kaya ɗaya sau uku a cikin mako bai saya ba. Duk abin da yatsa zai iya yi, ana iya raɗa masa suna a ƙirga shi.

Me ya sa suke wannan wahala?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Cibiyar Baymard, wadda ke nazarin sayayya ta intanet, ta tattara bincike da dama ta gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kwandunan da ake cikawa, barin su ake yi ba a biya ba. Ka ƙaddara kai ne mai shago, mutum goma sun ɗebi kaya sun nufo wurin biya, bakwai sun ajiye sun fita ba ko sallama. Dole ka so sanin dalili.

Shi ya sa suke jera aukuwar nan kamar mazurari: nawa suka shigo, nawa suka duba kaya, nawa suka saka a kwando, nawa suka fara biya, nawa suka kammala. Inda mazurarin ya tsuke fiye da kima, nan matsalar take. Idan mutane suna gudu a daidai wurin kuɗin kai kaya, sai a rage shi ko a bayyana shi tun farko. Idan masu ƙananan wayoyi ne ke faɗuwa a shafin biya, wataƙila shafin ya yi nauyi, yana cin data. A nan kam babu laifi, kuma mu masu saye muna amfana.

Ai ko ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana yin irin wannan da idonsa. Ya ga atamfar da kika fi daɗewa kina shafawa, ya ga fuskarki lokacin da ya faɗi farashi, ya san in kin juya za ki tafi ko ciniki ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai akwai bambanci uku. Shi kina ganinsa yana kallonki. Shi yana mantuwa. Sannan shi ba ya ɗaukar waya ya kira duk masu shagunan gari ya ce, "Ga wata nan tana son les amma kuɗinta bai kai ba." Kantin intanet ba ka ganin idonsa, ba ya mantuwa da wuri, kuma sau da yawa yana kai labari gaba.

Inda labarin ke zuwa

Yawancin kantuna ba manhaja ɗaya suke dasawa ba. Ban da ta Google, akwai Meta Pixel na kamfanin da ya mallaki Facebook, Instagram da WhatsApp, akwai kuma irinsa na TikTok. Idan ka saka takalmi a kwando, saƙon yana iya zuwa wa mai kanti, ya kuma je wa Meta a lokaci guda. Meta kuwa ya san ka, tunda kana da asusu a wurinsa. Daga nan mai kanti sai ya biya kuɗi ya ce, "A nuna tallata ga duk wanda ya saka kaya a kwando cikin kwana bakwai bai biya ba." Shi ke nan, takalmi ya fara bin ka.

Wani zai ce, "To ai ni ban rubuta sunana ba." Idan ka taɓa saka lambar waya ko imel a shafin, ana iya murɗe su su koma wasu haruffa marasa ma'ana, a aika wa Meta, shi kuma ya murɗe na wurinsa ya gwada. In suka zo ɗaya, an gane ka. Kuma ko ka saka abin toshe talla a burauza, akwai hanyar da kwamfutar kantin ke aika saƙon kai tsaye zuwa Meta ba tare da ya bi ta wayarka ba.

In kana son sanin darajar wannan bibiya, duba abin da ya faru a 2021. A watan Afrilun shekarar Apple ya fitar da iOS 14.5, wanda ya tilasta wa manhajoji su nemi izinin mai iPhone kafin su bi sawunsa zuwa wasu manhajoji. Mutane da yawa suka ce a'a. A Fabrairun 2022 Meta ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa wannan sauyi zai jawo masa asarar kusan dala biliyan 10 a shekarar. Tambaya ɗaya tak a kan allo ta yi wannan ɓarna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa dannawar da kake ɗauka banza, dukiya ce a hannun wasu.

Sirri: abin da kwando ke tonawa

Matasa da yawa sukan ce, "Ni ba ni da abin ɓoyewa." Amma sayayya tana faɗin abin da mutum bai shirya faɗa ba. A 2012 jaridar New York Times ta ruwaito yadda kantin Target na Amurka ya yi amfani da sayen wasu kayayyaki kusan 25 wajen hasashen matan da ke da juna biyu, har da kintatar lokacin haihuwa. A wancan lokacin fa ana magana ne kan abin da aka saya. Yau har abin da ka duba ka fasa ana ƙirgawa.

A 2022 kafar binciken The Markup ta duba shafukan manyan asibitoci 100 na Amurka, ta tarar da 33 daga ciki suna ɗauke da Meta Pixel da ke aika bayani lokacin da mutum ke neman ganin likita. A 2023 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta ci tarar GoodRx, mai taimaka wa mutane samun rangwamen magani, dala miliyan 1.5 saboda raba bayanan lafiyar mutane da kamfanonin talla. A shekarar dai BetterHelp, mai haɗa mutane da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ya amince ya biya dala miliyan 7.8 kan irin wannan zargi.

Ka kawo abin gida. A gidajenmu waya ɗaya takan bi hannu da yawa: ƙani ya ara ya yi gem, Mama ta karɓa ta kira, aboki ya ce a ba shi ya duba wani abu. Wata ta nemi abin gwajin ciki, wani ya duba maganin wata lalura da yake jin nauyin faɗa, sai ga talla ta fito ɓaro-ɓaro a lokacin da wayar ke hannun wani. Babu wanda ya yi kutse, babu wanda ya saci komai, amma asiri ya tonu. A al'ummar da magana ke yawo da sauri, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aljihu: farashinka da nawa ɗaya ne?

A watan Janairun 2025 FTC ta fitar da sakamakon farko na wani bincike kan kamfanonin da ke taimaka wa kantuna tsara farashi. Ta ce ana iya amfani da abubuwa kamar wurin da mutum yake, tarihin bincikensa, yadda yake motsa linzamin kwamfuta a shafi, da kayan da ya bari a kwando, wajen tsara farashi ko rangwamen da za a nuna masa. Wato mutum biyu su duba kaya ɗaya, kowa ya ga abin da aka auna zai iya biya.

A kasuwa ma ana yi wa mutum farashi daidai da shigarsa, gaskiya ne. Amma a kasuwa kana da baki, za ka taya, a ce albarka, ka juya, a kira ka. A intanet ba ka ma san ana ciniki da kai ba.

Sai kuma matsin lamba. Agogon da ke ƙirga daƙiƙu yana cewa rangwame zai ƙare, saƙon "saura guda biyu", sanarwar da ke faɗowa da tsakar dare cewa kwandonka na jiranka, keken sa'a da kake juyawa ka "ci" kyauta. Ba haka kawai ake saka su ba. Ana raba masu shigowa gida biyu, a nuna wa waɗannan launi ɗaya, waɗancan wani, a ƙirga aukuwa a ga wanne ya fi sa mutane biya, a riƙe shi. Ga ɗalibin da ke lallaɓa kuɗin wata a wannan tsadar rayuwa, abin da bai yi niyyar saye ba ya saya, shi ne kuɗin abincin kwana biyu.

Akwai ma manhajoji irin su Hotjar da Microsoft Clarity da ke ba mai shafi damar sake kallon ziyararka kamar bidiyo: inda ka ja, inda ka tsaya, inda ka yi ta dannawa cikin fushi. An tsara su su rufe bayanan sirri, amma tun 2017 masu bincike a Jami'ar Princeton suka nuna cewa irin waɗannan manhajoji sukan kwashi abin da bai kamata ba idan ba a saita su da kyau ba.

Me doka ta ce a Najeriya?

Ba a bar mu haka ba. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Dokar ta ba ka haƙƙin a sanar da kai abin da ake tattarawa da dalilinsa, ka nemi kwafin bayananka, ka ce a gyara ko a goge, ka janye izinin da ka bayar, ka kuma ƙi a yi amfani da bayananka wajen tallata maka kaya kai tsaye. Ta ware bayanan lafiya, addini da ƙabila a matsayin masu buƙatar kariya ta musamman. Manyan masu riƙe da bayanai da suka karya ta za a iya cin su tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

An kuma fara ganin haƙoran hukumomi. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan zarge-zargen da suka haɗa da yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kuma kotun sauraron ƙorafi ta musamman ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Dokar ta jingina sosai a kan izini, shi kuwa izini a intanet ya zama wasan yara. Akwatin kukis ya fito, maɓallin amincewa ƙato mai launi, na ƙin amincewa an ɓoye shi a lungu. Bayanin sirri shafi-shafi ne da Turancin lauyoyi. Wanda Hausa kaɗai yake karantawa fa, me ya amince da shi? A ganina, izinin da aka karɓa da harshen da mutum ba ya ji, sunansa kawai izini. Idan kamfani zai iya yin talla da Hausa don ya karɓi kuɗinmu, zai iya rubuta layi biyar da Hausa ya faɗa mana abin da yake kwasa. Wannan abu ne da ya kamata NDPC ta matsa a kai, mu ma mu riƙa tambaya.

Abin da ke hannunka

Ba cewa ake ka daina sayayya a intanet ba. Amma akwai ƙananan matakai da ke rage yawan abin da kake zubarwa.

Idan akwatin kukis ya fito, ɗauki daƙiƙa biyar ka nemi inda ake ƙin waɗanda ba dole ba. A cikin saitin asusunka na Facebook ko Instagram akwai wurin da ke nuna kamfanonin da suka aika wa Meta bayananka. Shiga ka gani da idonka, za ka iya goge tarihin ka kuma cire haɗin. A Android, shiga saitin talla ka goge lambar tallar wayarka. A iPhone, ka ce a'a idan manhaja ta nemi bin sawunka. Burauzoji irin su Safari da Firefox suna toshe kukis ɗin kamfanonin waje da kansu.

Kashe sanarwar manhajojin sayayya, domin ita ce igiyar da ake jawo ka da ita. In kanti ya yarda a saya ba tare da buɗe asusu ba, yi hakan. Kafin ka biya abu mai tsada, ka sa aboki ya duba farashin a wayarsa. Sannan kar ka ɗauka shafin ɓoye na burauza ya ɓoye ka daga kanti. Yana hana tarihin zama a wayarka ne kawai. A 2024 Google ma ya amince ya goge ɗimbin bayanai don kawo ƙarshen wata shari'a da aka yi da shi kan bibiyar masu amfani da wannan shafi.

Ga masu kanti da masu gina shafuka

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba masu saye kaɗai ba ne. Wasu suna sayar da turare, atamfa, takalma ko kayan waya, sun tashi daga sitatus na WhatsApp sun buɗe shafi. Wasu suna koyon gina shafuka, gobe su za a ba aikin dasa waɗannan manhajoji. Ku ne za ku yanke shawarar abin da za a ƙirga.

Kafin ka ƙirƙiri kowace aukuwa, tambayi kanka: wace shawara zan yanke da wannan bayani? In babu amsa, bar shi. Kar ka saka suna, lambar waya ko imel ɗin mutum a cikin aukuwa. Ƙa'idar Google Analytics kanta ta hana hakan. In kana sayar da magani, kayan mata ko wani abu da ya shafi lafiya, yi tunani sau biyu kafin ka bar sunan kayan ya tafi wurin kamfanin talla. GA4 na kyauta yana ba ka zaɓin ajiye bayanan aukuwa wata 2 ko wata 14. In gajeren ya ishe ka, ɗauke shi. Ka kuma rubuta wa kwastomominka bayani a sarari, da harshen da suke ji.

Wannan ba don tsoron tara kaɗai ba ne. Babbar matsalar kasuwancin intanet a wurinmu ita ce yarda, shi ya sa har yanzu mutane da yawa ke cewa sai sun ga kaya za su biya. Mai kantin da ya riƙe sirrin kwastoma kamar yadda yake riƙe kuɗinsa, shi za a koma wa, shi kuma za a turo wa 'yan'uwa. Mu masu saye kuwa, tunda da bayananmu ake cin riba, ba rashin kunya ba ne mu tambayi me aka ɗauka, wa aka ba, kuma yaushe za a goge.